Tiyatar ƙirji ga namiji tiransjenda: me ya kamata a sani kafin ranar aiki?

Tafinta_Leeds:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga ma'aikatan lafiyar cikinmu ce, musamman na nan Ingila. Ina magana ne a kan mutumin da aka haifa da jikin mace amma yake rayuwa a matsayin namiji, wanda za a yi wa tiyatar cire nono a gyara ƙirjin ya koma irin na maza. Takardun da asibitoci ke bayarwa da Turanci suke, hotunan ciki kuma kusan duk farar fata ce. In mai jin Hausa ne zai shiga wannan aiki, me ya kamata ya sani tun daga fari? Don Allah a yi dalla-dalla, kada a tsaya a "ya tambayi likitansa".

Ɗan_Damagaram:
Wa alaikumus salam. Ba su ne mata-maza ba?

NasTiyata:
A'a Malam. Mata-maza shi ne wanda aka haifa da gaɓoɓi ko ƙwayoyin halittar da ba su tsaya ɓangare guda ba. Wannan kuwa an haife shi da jikin mace, amma yadda ya san kansa bai zo daidai da jikin ba.

Malama Tafinta, bari in fara da irin aikin, don komai a kansa yake rataye. Wanda aka fi yi shi ne yanka biyu. Likita zai yi yanka kwance a kowane ɓari, ya cire naman nonon da fatar da ta yi yawa, ya ɗinke a daidai ƙasan tsokar ƙirji. Kan nonon da baƙin da'irar da ke kewaye da shi cire su ake yi gaba ɗaya, a rage faɗin da'irar zuwa wajen santimita 2 ko 2 da rabi, a mayar a dasa a inda na maza yake zama, wato ɗan gefe-gefe. Wannan shi ya dace da mai babban ƙirji ko wanda fatarsa ta saki. Ribarsa ƙirji ya kwanta sumul. Illarsa kuma dogon tabo guda biyu, sannan kan nonon yakan rasa jin taɓi, wani lokaci har abada.

Na biyu ƙaramin yanka ne a gefen ƙasan baƙar da'irar, ta nan a zaro naman, ba a cire fata. Sai mai ɗan ƙaramin ƙirji wanda fatarsa ke da ƙarfin komawa. Na uku kuma a zagaye da'irar da yanka, a cire zoben fata, a tattare kamar bakin jaka. Waɗannan biyun tabonsu kaɗan ne, amma sun fi yawan bukatar a koma a yi gyara, don in fatar ba ta koma ba sai ta bar tattara. Aikin yakan ci awa 2 zuwa 4 cikin barci cikakke, a sallami mutum ran nan ko ya kwana ɗaya.

Mai_Harhaɗa:
Ƙari a kan na Sista: ba son rai ke zaɓar irin yankan ba, jiki ne. Da yawa sukan zo suna son ƙaramin yanka saboda gudun tabo, alhali fatar ba za ta ɗauka ba. Akwai kuma masu cewa kada a mayar musu da kan nono sam, daga baya su yi zanen tatu ko su bar shi haka.

Ɗan_Damagaram:
To ai na ji sai ya shekara yana allurar sinadarin maza kafin a taɓa shi.

Likita_Manchester:
Wannan ba sharaɗi ba ne, Malam. Ƙa'idojin WPATH, ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan lafiyar masu tiransjenda, bugu na 8, waɗanda suka fito a 2022, ba su ce dole sai mutum yana kan testostiron, wato sinadarin mazan, kafin tiyatar ƙirji ba. Abin da ake nema shi ne ƙwararre ya tantance shi, ya tabbatar damuwar ta daɗe tana tare da shi, yana da hankalin yanke shawara, kuma duk wata larurar jiki ko ta ƙwaƙwalwa da za ta iya shafar aikin an duba ta. Wasu likitocin tiyata sun fi son a yi watanni a kan sinadarin saboda tsokar ƙirji ta fito su ga inda za su ajiye tabo. Wannan zaɓinsu ne.

A tsarin NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, hanya ɗaya ce: GP, wato likitan unguwa, ya tura mutum asibitin jinsi na manya, irin na Landan, Leeds, Sheffield, Nottingham ko Newcastle, su tantance, sannan su tura shi wurin likitan tiyata. Ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. Jiran ganin farko shekaru ake ƙirgawa, ba watanni ba, shi ya sa wasu ke biya da aljihunsu. Akwai kuma batun nauyi: mai BMI (awon nauyi gwargwadon tsawo) 40 ko sama za a ce ya rage tukuna, masu zaman kansu ma wasu tun daga 30 ko 35 suke ja baya.

LikitanBarci:
Ni ɓangarena zan taɓa, kuma da taba zan fara, don ita ce babbar maƙiyar wannan aiki. Nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini. Kan nonon da aka dasa ba shi da jijiyarsa, a kwanakin farko daga naman da ke ƙasansa yake tsotsar abinci har sababbin jijiyoyi su tsiro su shige shi. In jini bai isa wurin ba, sai ya yi baƙi ya mutu. Saboda haka a daina aƙalla mako 4 zuwa 6 kafin aiki, da irin haka bayansa. Malama Tafinta, a nan fassararki ke da muhimmanci. In an tambayi mutum "kana shan sigari?" zai ce a'a da gaskiyarsa, alhali yana shan shisha duk ƙarshen mako, ko yana zuƙar bef, wato sigarin lantarki, ko yana sa taba gari a baki ko a hanci. Duk nikotin ne, har da cingam da filastar daina shan taba. Wasu likitocin sukan gwada fitsari, in sun ga alama su ɗage aikin.

Sai sikila. Wannan ba ya cikin yawancin takardun, amma mu ya shafe mu. Mai SS ko SC dole likitan jini ya shigo tun da wuri, don sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da ƙarancin iska su ne ke tayar da ciwon, kuma duk ukun suna iya haɗuwa a ɗakin tiyata. Wani lokaci akan ƙara jini kafin aiki. Mai AS galibi ba shi da matsala, amma ya faɗa. Mai ciwon suga kuma a duba HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya. A nan Ingila ana son ya kasance ƙasa da kashi 8.5 kafin aikin da ba na gaggawa ba.

Ran aiki: babu abinci awa 6 kafin barci, ruwa tsantsa an yarda har awa 2 kafin. Shayi da madara abinci ne, koko da kunu ma haka. Mai allurar rage ƙiba irin Ozempic ko Mounjaro ya faɗa tun farko, don suna jinkirta fitar abinci daga ciki. Za a kuma yi gwajin juna biyu. Kada wannan ya ɓata wa mutum rai: testostiron yana ɗauke al'ada amma ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne.

Tafinta_Leeds:
Allah ya saka, Likita. Maganar taba gari ba ta taɓa zuwa raina ba. Shi testostiron ɗin a daina ne kafin aiki?

LikitanBarci:
Yawanci ba a dainawa yanzu. Abin da ake dubawa shi ne PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, don sinadarin yana kaurara jini. In ya yi sama da yawa, mai kula da sinadarin zai rage kafin a sa rana.

Mai_Harhaɗa:
Magungunan da ke tsinka jini: asfirin, ibufurofen, diklofenak, man kifi, bitamin E, ginko, ƙwayar tafarnuwa. A ajiye su mako 1 zuwa 2 kafin aiki, sai in likita ne ya ɗora mutum a kai, kamar mai asfirin na zuciya, wannan kada ya daina da kansa. Jiƙo, tsimi, garin magani da ake aikowa daga gida, har habbatus sauda da ake sha cokali-cokali, a dakata mako 2 kuma a faɗa wa likitan barci. Tafarnuwa da citta na cikin miya ba su ake nufi ba.

Baba_Malam:
Ni dai ba zan ga wannan in yi shiru ba. Malamanmu sun yi bayani a kan canza halitta. Bai kamata a riƙa koyar da hanyar ba kamar abin ba komai ba ne.

Admin_Zaure:
Baba, an ji, kuma ba wanda ya raina maganarka. Amma zauren nan na bayanin lafiya ne. Tafinta da nas ba su da ikon zaɓar majinyaci, kuma wanda ya riga ya yanke shawararsa, rashin sanin illar nikotin ko sikila ba zai mayar da shi baya ba, sai dai ya cutar da shi. Hukuncin addini a kai shi inda ya dace. A ci gaba, kuma a kiyaye harshe.

Likita_Manchester:
Akwai abu ɗaya a maganar Baba da ya shafi aikinmu: wannan tiyata ba ta da komawa. Dole a faɗa wa mutum a fili cewa bayan yanka biyu da dashen kan nono babu shayarwa, don an yanke hanyoyin ruwan nono. Wanda yake tunanin haihuwa nan gaba ya auna wannan tun kafin ya sa hannu. Kuma in yana da shakka ko a safiyar aikin ne, yana da haƙƙin cewa a tsaya.

Sista_Fata:
Na jira a zo kan fata ban ga an zo ba, kuma ita Malama ta fara tambaya a kai. Abu uku ne.

Na ɗaya tabo mai tudu. Baƙar fata ta fi saurin yin kiloid, kuma ƙirji na daga cikin wuraren da ya fi so, musamman tsakiyar ƙirji. A bambance: akwai tabon da ke kumbura amma ya tsaya cikin layin ɗinki, wannan yakan lafa da kansa a hankali. Kiloid kuwa ƙetare layin yake yi ya ci gaba da girma, da ƙaiƙayi da zafi. Kafin aiki mutum ya duba jikinsa: hujin kunne, tabon lamba a kafaɗa, tsagar fuska ko ta ciki, tsohon ƙuna. In ɗaya ya yi tudu, ko a gidansu akwai masu yi, ya nuna wa likita. Ya kuma tambaya ko za a iya barin tazara tsakanin yankan biyu kada su haɗu a tsakiya. Wani jikin ba ya ba da damar haka, amma a tambaya.

Magani: da zarar ɗinki ya rufe sarai babu ɓawo, wajen mako 3 zuwa 4, a fara manna silikon, aƙalla awa 12 a rana, wata 3 ko fiye. In tabo ya fara tauri yana tashi, kada a jira shekara, a koma a yi allurar tirayamsinolon a cikin tabon, ana maimaitawa duk mako 4 zuwa 6. Ita ma tana da nata illar: tana iya sa wurin ya yi haske ko ya lotsa.

Na biyu launin kan nono. A mako na biyu zuwa na uku saman fatar dashen zai yi ɓawo ya saluɓe, abin da ke ƙasa ya fito ja-ja ko fari-fari. A farar fata ba a ko lura, a tamu kuwa abin tsoro ne in ba a gaya wa mutum ba. Ba mutuwa ya yi ba. Launin yakan dawo ɗigo-ɗigo cikin watanni, in ya shekara bai cika ba a cike da tatu. Kada a ɓantare ɓawon.

Na uku man bilicin. Da yawansu akwai sitiroid a ciki, yana sirantar da fata, ɗinki ya ƙi kamawa. Mai shafawa ya faɗi gaskiya ya daina tun watanni kafin.

Hajiya_Ungozoma:
Man kaɗanya fa, Sista? Ai shi muka sani da gyaran tabo.

Sista_Fata:
Bayan ciwo ya rufe, Hajiya, ba laifi a yi tausa da shi, yana tausasa fata. Amma bai maye gurbin silikon ba, kuma ko kusa kada ya je kan ɗinki ɗanye ko kan dashen. Haka zuma, haka ruwan zafi na gashi. Wurin ba ya jin zafi saboda jijiyoyin sun yi barci, mutum zai ƙone bai sani ba.

NasTiyata:
Bari in koma kan makon farko. Mutum zai farka da falmaran mai matsewa, da wata dunƙulalliyar auduga ɗinke a kan kowane kan nono, da siririn tiyo biyu da suka fito ta ƙasan hammata zuwa 'yar roba mai kamar ƙwai. Robar a matse take zama don ta riƙa tsotsa. In ta cika da iska ta daina aiki. Ana juye ta sau 2 ko 3 a rana, a rubuta mililita nawa kowane ɓari ya ba da. Ruwan zai fara ja, ya koma ruwan hoda, ya koma ruwan ɗorawa. In ya sauka ƙasa da wajen mililita 30 a awa 24 ake cirewa, yawanci kwana 5 zuwa 7, lokacin da ake kwance audugar kan nono. Falmaran kuma mako 4 zuwa 6, dare da rana.

Abin da za a ruga asibiti dominsa: ɓari ɗaya ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri ya fi ɗayan girma da ciwo. Wannan taruwar jini ce, ta fi zuwa a kwana 2 na farko, sau da yawa sai an koma ɗakin tiyata an kwashe. Sai zazzaɓi sama da 38, mugunya ko wari, ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya. A baƙar fata jan da ake cewa a duba ba ya fitowa sosai, don haka a dogara da zafin wurin, ƙyalli da ƙaruwar ciwo.

Likita_Manchester:
Gyara kaɗan, NasTiyata: ba kowa ke sa tiyo ba yanzu. Wasu suna ɗinke fatar da tsokar ta ciki don kada a bar gurbin da ruwa zai taru.

NasTiyata:
Haka ne Likita, amma ni in za a tambaye ni, mai babban ƙirji tiyon ya fi masa kwanciyar hankali. Taruwar ruwa a mako na biyu, a riƙa zuwa ana zuƙewa da sirinji, ba daɗi.

Likita_Manchester:
Masu tiyo ma tana samunsu. A bar wa likitan abin da hannunsa ya saba.

Fisiyo_Birmingham:
Shirin gida. Gwiwar hannu ba za ta wuce kafaɗa ba na tsawon makonni, saboda miƙa hannu sama yana ja wa tabo faɗi. Don haka kafin ranar a sauko da kofi, tukunya, magani, cajar waya, duk su dawo daidai ƙugu. Jallabiya, kaftani da duk rigar da ake zurawa ta kai a ajiye su, a nemi riga mai maɓalli ko zif a gaba, mai yalwa, da takalmi silifa. Kwanciya rigingine, a tara matasai a baya, a sa ɗaya a ƙarƙashin kowane hannu don kada a juya cikin barci. Kada a ɗauki abin da ya wuce kilo 4 zuwa 5 har mako 6; buhun shinkafa ƙarami ko yaro ɗan shekara ya wuce haka. Aikin ofis mako 2, aikin ƙarfi kamar na sito ko kula da tsofaffi mako 6. Amma fa ba kwanciya aka ce ba: tun ranar farko a riƙa zagaya ɗaki saboda gudan jini, a riƙa juya kafaɗa a hankali don kada ta sandare. Kuma dole a sami babban mutum da zai ɗauko shi daga asibiti ya kwana da shi aƙalla daren farko.

Hajiya_Ungozoma:
Mai sallah fa? Sujada ai dogara ce da hannu.

Fisiyo_Birmingham:
Daidai Hajiya, tashi daga sujada nauyi yake ɗora wa ƙirji. Mako 2 na farko a kan kujera ya fi, kabbara kuma hannu ya tsaya daidai ƙirji. Wanka ma sai na goge-goge har a cire tiyo. Kuma kada a sa rana cikin azumi ko dab da shi, jiki na bukatar ruwa da abinci mai gina jiki, ga magani kan lokaci.

Mai_Harhaɗa:
Farasitamol giram 1 duk awa 6, kada a wuce giram 4 a yini, kuma a duba, kokodamol ma akwai farasitamol a cikinsa, kada a haɗa. Kodin da danginsa suna ɗaure ciki, a sayi maganin sassauta ciki irin senna ko laktulos tun kafin. Ba tuƙi muddin ana shan kodin da danginsa.

Tafinta_Leeds:
Rigar matse ƙirji da suke sawa kafin aiki, tana ɓata sakamako?

Sista_Fata:
Shekaru ana matsewa yana sa fata ta saki, abin da zai iya hana mutum samun ƙaramin yanka, amma yanka biyu ba ruwansa. Kada a wuce awa 8 a rana, kada a kwana da ita, kada a yi amfani da bandejin roba ko salatif. Muhimmi shi ne ran aiki fatar ta zama lafiya, babu ƙuraje ko gwaiɓa a ƙasan nono, in ba haka ba za a ɗage.

Likita_Manchester:
Ba a taɓo batun ciwon kansa, wato ciwon daji, ba. Wannan aiki ba irin na masu kansar nono ba ne, ana barin ɗan nama don ƙirji ya yi siffa. Haɗarin ya ragu amma bai tafi ba. In uwa, 'yar'uwa, inna ko gwaggo ta yi kansar nono ko ta ƙwan mace, a faɗa kafin aiki, don a duba ko akwai bukatar gwajin BRCA1 da BRCA2, ƙwayoyin gadon da ke ƙara haɗarin wannan ciwo in suna da matsala. Sakamakon yana iya canza yawan naman da za a cire. Bayan aiki duk ƙullutun da aka ji a ƙirji ko hammata a kai a duba.

Ɗan_Damagaram:
Masu tafiya wata ƙasa saboda araha fa?

NasTiyata:
Tambaya ɗaya ce: wa zai duba ka in jini ya taru, wa zai kwance audugar, wa zai yi gyara? A zauna aƙalla kwana 7 zuwa 10 kusa da asibitin kafin a hau jirgi, a karɓo rahoton aiki a rubuce. A ko'ina ne kuma, a ce wa likita ya nuna hotunan aikinsa a kan baƙar fata bayan shekara guda, ba bayan wata guda ba. A tambayi kuɗin gyara, don tattarar fata a ƙarshen ɗinki wajen hammata tana yawan faruwa, kuma ba a taɓa ta sai an yi wata 6 zuwa 12 kumburi ya sauka.

Hajiya_Ungozoma:
A kuma gaya masa cewa a mako na biyu ko na uku zuciya takan yi nauyi. Rashin barci, kumburi, ƙirjin bai yi kyan gani ba tukuna, ga zaman gida. Ba lallai nadama ba ce, amma in ta daɗe ko ta yi tsanani ya nemi GP. Wanda danginsa ba su sani ba shi ya fi bukatar a tsara masa mai jinya tun kafin.

Admin_Zaure:
Maganar Hajiya ta kawo ni kan taki sana'ar, Malama Tafinta. Mu nan ba mu da yawa, kowa ya san gidan kowa, kuma labari in ya isa gida yana iya jawo wa mutum abin da ya fi tiyatar nauyi. Majinyaci yana da haƙƙin neman a canza masa tafinta, ko a yi ta waya ba tare da an ga fuskarsa ba.

Tafinta_Leeds:
Haka ne, kuma a farkon zama ake faɗa masa hakan. Sista_Fata, saura tambaya ɗaya: takardun suna cewa a kare tabo daga rana na shekara guda. Baƙar fata ma?

Sista_Fata:
Ita ma. Namu ba ja yake yi ba, duhu yake ƙarawa ya zauna. Riga, ko man kariya mai lamba 30 zuwa sama a kan tabon da kan nonon, har shekarar ta cika.